A yi gudun, amma kuɗin ya tafi ga katanga da koci mace

Duk wanda ya bi titin BUK bayan sallar asuba, musamman da hunturu, ya san Kano ba ta rasa masu gudu ba. Akwai masu rage tumbi, akwai samarin da ke shirin shiga soja. Gumin nan kullum zuba yake a kwalta a banza, alhali a wasu wurare da shi ake tara kuɗi.

Tsarin ba wuya. Mutum ya ɗauki alkawarin gudun kilomita 21, rabin gudun fanfalaki ke nan, abokai da 'yan uwa kowa ya ce zai biya kaza a kan kowace kilomita. Mai ba da naira 500 ya tashi da 10,500. A gasar Landan, wadda aka fara a 1981, haka dubban mutane ke tara wa ƙungiyoyin agaji kuɗi. Legas ma tana da tata gasar tun 2016. Abin da ya burge ni shi ne mai roƙon ya fara biya da jikinsa kafin ya miƙa ƙoƙon bara, kuma Bakano yana ganin girman wanda ya sha wuya.

Wa za a tara wa? 'Yan matan unguwanni irin Kurna da Rimin Kebe. A lungunmu na ga yara sun zana gidajen 'yar gala-gala da gawayi, suna tsalle da ƙafa ɗaya, adaidaita sahu ya shigo su watse, ya wuce su dawo su sake zanawa. Ɗaya daga cikinsu duk ta fi yayyenta maza gudu. Bana ta shiga shekara 12, farantin talla ya gaji wasan.

Za a ce iyaye ba za su yarda ba. Na tambayi mahaifiyarta, sai ta ce, "Malam, ba gudun nake ƙi ba, idon maza nake ƙi." To, wannan ai matsala ce da kuɗi ke magancewa: fili mai katanga a makarantar mata, koci mace, dogon wando da hijabin wasa, takalma. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ma ta amince da wasa da hijabi tun 2014, kuma malamanmu sun san hadisin tseren Manzon Allah (SAW) da Nana A'isha.

Tsorona ɗaya ne, kada abin ya koma biki. A kama zaure, a buga riguna, a gayyato manyan baƙi filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kuɗin ya ƙare a kofi da lemo. Kafin kowa ya ɗaura takalmi, a faɗi makarantar da za a yi wa aikin da abin da zai ci, bayan wata uku kuma a karanta lissafin a rediyo, kwabo da kwabo. In an yi haka, ni ma da gwiwata mai ƙara zan ɗauki kilomita biyar.