Sulusin iskar da ke bayanka ba naka ba ne

Jama'a, ina so in yi magana a kan wasannin VR na ƙarƙashin teku, wato wasannin kwamfuta da ake bugawa da wani tabarau mai sa ka ji kamar kana cikin wurin da kake gani, waɗanda ake shiga mutum uku ko huɗu tare, kowa da tabaraunsa a fuska, a nutse a ɗauko wani abu cikin jirgin da ya nitse ko kogon da ruwa ya cika, a kuma fito da rai. Masu tallar irin waɗannan wasanni kullum kifin shak suke nuna mana, ko wani dodon ruwa mai manyan haƙora. Ni kam ban yarda dodo ne ke ba wasan rai ba. Abin da ke riƙe da wasan gaba ɗaya shi ne ɗan agogon nan da ke ɗaure a hannunka, mai nuna yawan iskar da ta rage a tukunyar da ka goya, da kuma ko ka san abin da agogon abokin tafiyarka ke nunawa a daidai wannan lokaci.

Daga ruwan kansa dokar ta fito, ba mai ƙera wasa ne ya ƙirƙiro ta ba. Duk mita 10 da mutum ya ƙara nutsawa a teku, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da muke rayuwa cikinta a doron ƙasa. A mita 10 matsin ya zama ninki biyu, a mita 30 ya zama ninki huɗu. Saboda haka numfashi ɗaya a mita 30 yana cin iskar numfashi huɗu na sama. Tukunyar da za ta kai ka awa guda a saman ruwa, minti 15 kawai za ta yi maka a can. Ga kuma tsoro, shi ma da iska ake biyansa, domin wanda ya firgita haki yake yi. Mutum biyu sai su sauka tare da tukwane iri ɗaya, kowace cike maƙil, bayan ɗan lokaci ɗaya yana da fiye da rabi, ɗayan kuwa allurarsa ta kusa taɓa ja. Kuma babu damar a ce a ruga sama da gudu. Naitirojin, wani sinadarin iskar da muke shaƙa, yana narkewa a jikin mai nutso, kuma zai iya yin kumfa a jininsa idan ya taso da sauri, shi ya sa ake hawa a hankali, har ma a tsaya kamar minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito.

Masu nutso cikin kogo, waɗanda ba su da sararin sama a kansu sai dutse, sun daɗe da raba iskarsu kashi uku. Sulusi na shiga, sulusi na dawowa, sulusin ƙarshe kuma ba a taɓa shi. An ajiye shi ne don ranar da wani abu zai lalace, kuma sau da yawa wanda zai shaƙe shi ba mai tukunyar ba ne, abokinsa ne. Don haka ne ma kusan kowane mai nutso ke rataye da abin shaƙa na biyu, galibi ruwan ɗorawa don a hango shi da wuri, wanda aikinsa shi ne a miƙa wa wani. Ku duba wannan tsari da kyau. Tun kafin ƙafarka ta taɓa ruwa, ka riga ka amince cewa wani yanki na numfashinka haƙƙin ɗan'uwanka ne. Kuma ba mai ƙarfin huhu ne ke yanke lokacin juyawa ba. Wanda iskarsa ta fi saurin raguwa, da zarar ya cinye sulusinsa, kowa ya juya, ko da abin da aka zo nema yana gabanku kuna kallonsa.

To a nan ne nake da ƙorafi a kan yawancin wasannin da ake kira na haɗin gwiwa. Mutum huɗu ne a ruwa ɗaya, amma kowa harkar gabansa yake yi. Wanda ya riga isa akwatin dukiya shi ke kwashe maki. Wanda iskarsa ta ƙare sai allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, ya sake bayyana a cikin jirgi da cikakkiyar tukunya, babu abin da ya rasa, babu abin da abokansa suka rasa. A irin wannan tsari, wanda ya tsaya taimakon wani shi ne ya yi asara, wasan da kansa ke hukunta shi. Sai ka ga ɗan wasa ya wuce abokinsa da igiya ta harɗe wa ƙafa, ko waiwaye bai yi ba, kuma a ƙarshe sunansa ne a saman jerin gwanaye. Ba na ɗora laifin duka a kansa. Abin da aka nuna masa yana da lada shi ya bi.

Idan kuwa aka yi wasan yadda ya kamata, wato iska ta yi ƙaranci, mutuwar mutum ɗaya ta zama faɗuwar kowa, sannan a ba ka ikon ciro abin shaƙarka na biyu da hannunka ka sa wa wani a baki, komai yana sauyawa. Surutu yana raguwa. Mutane suna fara tafiya kusa da juna ba tare da an ce su yi ba. Wani zai ɗauki aikin shimfiɗa igiya daga bakin ƙofa don a gane hanyar fita, wani ya riƙe tocila, wani kuma ya zama shi ne mai zagayawa yana leƙa agogon kowa. Wannan na ƙarshen ba ya kashe dodo, ba ya buɗe akwati, amma a wurina shi ne gwanin tawagar.

Me ya sa sai VR? Ai akwai wasanni masu kyau na ruwa a allon kwamfuta. Barotrauma, wanda cikakkensa ya fito a 2023, yana haɗa mutum har 16 a jirgin ƙarƙashin teku ɗaya a tekun da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Europa, ɗaya daga watannin duniyar Jufita, wani yana tuƙi, wani yana toshe ɓaraka, wani yana kula da masu rauni. Subnautica na 2018 kuwa ana iya buga shi da tabarau, kuma ya iya dasa tsoron zurfi a zuciya, sai dai kai kaɗai ne a tekun, babu wanda za ka ceta, babu mai cetonka. Abin da VR ya ƙara a kan duk wannan shi ne jiki. Kanka ne ke juyawa, hannuwanka ne ke motsi, kuma abokinka yana ganin motsin nan kamar yadda ka yi shi. Idan ya tsorata, ba sai ya faɗa ba. Za ka ga hasken tocilarsa yana rawa, kansa yana waige-waige, ya daina kallonka. Babu maɓallin da ke aika wannan saƙo, jikinsa ne ya tona shi.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a bar 'yan wasa suna hira tar-tar a ƙarƙashin ruwa kamar suna waya. Mai nutso da abin shaƙa a bakinsa ba ya magana, da hannu yake zance. Ya haɗa babban yatsa da manuniya ya yi zobe, lafiya lau ke nan. Ya ɗaga babban yatsa sama, ba yabo yake yi ba, cewa yake a tashi, kuma ƙa'ida ce cewa kowa na iya kawo ƙarshen nutso a kowane lokaci ba tare da an tuhume shi ba. Ya gitta tafin hannu a maƙogwaro, iska ta ƙare, a kawo ɗauki yanzu. VR ne kaɗai nau'in wasan da zai iya ɗaukar wannan harshe yadda yake, tunda hannun na gaske ne ke yin alamar. Kuma alama tana da wani sharaɗi da murya ba ta da shi: ba ta isa sai ana kallonka. Dole ka riƙa juyowa kana duba abokinka, in ba haka ba zai yi ta kiranka a bayanka ba ka sani ba. Ruwan ma yana taya wannan tsari. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, alhali a iska bai wuce kusan 340 ba, don haka kunne yana jin ƙara amma ya kasa gane ta ina ta fito. Jan launi shi ke fara ɓacewa tun a 'yan mitocin farko. A cikin kogo ko jirgin da ya nitse kuwa, mutum ɗaya ya buga ƙafa ba daidai ba sai laka ta tashi ta rufe wa kowa ido, tocila ta zama ba ta da amfani, a koma lalube da igiya da taɓa kafaɗar na gaba.

Ba ni na ƙago darajar wannan abu ba, waɗanda suka shiga ruwan na gaske ne suka faɗa, kuma in kifi ya fito daga ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai musa? A 2012, a Tekun Arewa da ke Turai, wani mai nutso mai suna Chris Lemons yana aiki a zurfin kusan mita 100 sai jirgin da ke samansu ya kauce daga wurinsa, igiyar da ke kawo masa iska da ɗumi da haske ta tsinke. Iskar gaggawar da ke bayansa ta 'yan mintoci ce. Ya yi kusan rabin awa a can kafin abokin aikinsa Dave Yuasa ya iso gare shi ya jawo shi zuwa ɗakin nutso, wato ɗakin ƙarfe mai iska da ake saukar da masu nutso a cikinsa, inda Duncan Allcock ya hura masa numfashi baki da baki, ya farfaɗo. A 2018 kuma, a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan, yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu suka maƙale tun 23 ga Yuni. Masu nutso biyu 'yan Birtaniya, Rick Stanton da John Volanthen, suka gano su ranar 2 ga Yuli, aka kuma fito da su duka tsakanin 8 da 10 ga watan. Amma kafin nan, Saman Kunan, tsohon sojan ruwan Tailan, ya rasu a cikin kogon yana aikin kai tukwanen iska a kan hanya domin waɗanda za su bi ta. Iskar da wasu za su shaƙa ya je ajiyewa. Duk lokacin da na ga wasa ya mai da tukunyar iska wani abin tsintuwa da ake rige-rigen ɗauka, wannan mutumin nake tunawa, raina kuma ya ɓaci.

Na san wani zai ce, malam, wasa ne fa, ba wanda zai mutu. Gaskiya ne. Amma wanda ke cikin ɗaya tabaraun mutum ne, kuma tsoron da yake ji ba zane ba ne. Zuciyarsa tana bugawa da gaske, tafin hannunsa yana gumi da gaske. Sabon shiga ma ga shi da wata wahalar, domin idonsa yana gaya masa yana iyo, kunnensa na ciki mai kula da daidaiton jiki yana gaya masa a tsaye yake, sai jiri da tashin zuciya su taso. Idan irin wannan mutum ya tsaya cak a cikin duhu ya kasa motsi, abokan wasansa suka yi gaba suna masa dariya, zai cire tabaraun, kuma da wuya ya sake sakawa. Idan kuwa wani ya dawo ya tsaya a gabansa, ya haska kansa da tocila don ya gan shi, ya yi masa alamar zobe ya jira har ya mayar, to wannan ba zai manta ba. Ina roƙon tsofaffin hannu su riƙa sa sabon shiga a tsakiya, kada a bar shi a ƙarshen layi, kuma idan ya ɗaga yatsa sama a tashi tare da shi, ko da saura ƙiris a kammala.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Kada wanda ya ƙware a wasa ya ɗauka ya iya nutso. Tabarau ba ya matsa maka kunne, ba ya sa ka sanyi, ba ya kawo maka mayen naitirojin da ke rikita tunanin mai nutso daga wajen mita 30 zuwa ƙasa. Mafi haɗari ma, wasa yana barin ka da ɗabi'ar riƙe numfashi idan ka tsorata, alhali dokar farko ga mai shaƙa daga tukunya ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi, domin iskar da ya shaƙa a mita 10 tana kumbura ninki biyu kafin ya iso sama, tana iya fasa masa huhu. Mai son ruwan gaske ya nemi malami mai lasisi ya koya.

Ga masu ƙera wasannin nan kuwa, buƙatata ba ta da yawa. Ku daina dawo da matacce da cikakkiyar tukunya kamar ba abin da ya faru. Idan mutum huɗu suka sauka uku suka fito, a rubuta musu faɗuwa, ko da akwatin yana hannunsu. A allon ƙarshe kuma, inda kuke jera wanda ya fi kisa da wanda ya fi tara dukiya, ku ƙara layi guda da zai nuna wanda ya ba wani iska, da yawan abin da ya bayar.