Yadda Na Bi Malam Bashi Daga Jidda

Shagon Kawuna a Shara Mansur yake, nan Makka, kuma duk abin da alhaji zai cusa a jaka ya kai tsaraba muna sayarwa: dabino ajwa da sukkari, jallabiya, abaya, darduma, carbi, turaren wuta. Alhazai nan take suke biya, don jirgi ba ya jiran kowa. Mutanen unguwa ne matsalarmu. Bahaushen Makka ba ya cewa a ba shi bashi. Zai ɗauki kwalin dabino, ya tambayi lafiyar iyali, ya ce "rubuta", ya sa kai. Kawu kuwa kunya ba ta barinsa ya tambayi kowa. Sai ya wuni yana huci a kan littafin bashi, amma da mai bashin ya leƙo za ka ji yana cewa a kawo wa baƙo shayi.

Da yake ni ne ɗan bokon shagon, na ce zan ɗauke masa wannan nauyin. Na kwashe littafin na zuba a kwamfuta, na rubuta ɗan shiri da Python, wani yaren ba kwamfuta umarni, wanda zai bi sunaye ya tura wa kowa saƙon tes cikin ladabi: sallama, yawan riyal ɗin da ake binsa, da addu'ar Allah ya hore. Shirin ba shi da wurin dannawa. A baƙin allon nan ake ba shi umarni, layi ɗaya, ka rubuta sunansa sannan ka jera abin da kake so.

Abin da ka jera ɗin, Python kalmomi kawai yake gani, a jere cikin sys.argv, bai san wacce ce sunan fayil ba, wacce ce umarni. Mai tantancewa shi ne argparse, wanda Steven Bethard ya rubuta, ya kuma shiga cikin Python tun siga ta 2.7 a 2010. Ƙa'idarsa gadon Unix ce, wani daɗaɗɗen tsarin gudanar da kwamfuta: kalmar da ta fara da karan ɗori, zaɓi ce. Kara ɗaya da harafi ɗaya, kamar -h, ko kara biyu da cikakkiyar kalma, kamar --help. Wadda ba ta da kara a goshi kuwa, a wurinsa kaya ce kawai aka miƙo.

Zaɓi biyu na yi, kuma har gobe ina alfahari da su. Na farko --gwaji, wanda ke nuna saƙonnin a allo ba tare da ko ɗaya ya fita ba. Na biyu --banda, wanda ke karɓar fayil na sunayen mutanen da ko a mafarki ba za a tambaye su ba. Kawu da bakinsa ya yi mini shiftar su: Malam, wanda ya karantar da rabin unguwar, yayyen Hajiya, da wasu dattawa da suka ci ƙuruciya tare. Bayan ya tashi na ƙara sunaye uku a asirce. Hajiya, wadda ta ɗauki abaya ta ce in rubuta amma kar Kawu ya ji. Baban yarinyar da nake nema. Da ni kaina.

Saura abu ɗaya. Hanya biyu argparse ke da ita ta karanta umarni. Akwai parse_args, mai tsauri: da ya ga kalmar da bai sani ba sai ya tsaya cak, ya zayyana maka yadda ake amfani da shirin, ya fita da lamba 2, alamar akwai kuskure a umarnin. Akwai kuma parse_known_args, mai kawaici: ya ɗauki abin da ya gane, ragowar ya tara su gefe, ya ci gaba da aikinsa bai ce uffan ba. Lokacin da nake gwaje-gwaje na farkon ya ishe ni da ƙorafi, sai na koma wa na biyun. Mutumin da ya tashi a gaban Kawu, dole kawaici ya burge shi.

Ranar da abin ya faru ina Jidda, kasuwar Bab Sharif, Kawu ya aike ni saro abaya. Sai ga kiransa, wai yana so ya ga yadda saƙonnin za su kasance kafin ƙarshen wata. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na tsaya a inuwa na rubuta umarnin a waya, na tura wa Autan Kawu, na ja masa kunne ya kwafa ya liƙa yadda yake, kar ya taɓa ko harafi:

python tuna.py bashi.csv --gwaji --banda dangi.txt

Wayata irin masu ganin sun fi mai su ilimi ce. Idan ka buga karan ɗori biyu a jere, sai ta haɗe su ta mayar da su dogon layi guda, wai don rubutu ya yi kyau. A ƙaramin allo, cikin ranar Jidda, wa zai lura? Auta kuma, yaron da tun da aka haife shi bai taɓa yin abin da aka ce masa daidai ba, ranar ya zaɓa ya yi biyayya.

Dogon layin nan wani harafi ne daban, ba shi da dangantaka da karan ɗori a wurin kwamfuta. Don haka argparse ya duba bai ga zaɓi ko ɗaya ba. Ya ɗauki bashi.csv, fayil ɗin masu bashi, sauran kalmomi ukun ya ajiye su gefe cikin mutunci. Babu gwaji, babu banda. Abin da ya fi ci mini rai, da Auta ya yi halinsa na ƙiwa ya buga --gw kawai da hannunsa, da an zauna lafiya, don argparse yana gane guntun zaɓi muddin babu wani da ya fara da haruffan.

Ina cikin jirgin ƙasa na Haramain, na kama hanyar gida, wayata ta yi ƙara. "Assalamu alaikum. Muna tunatar da kai cewa ana binka riyal 340. Allah ya hore." Har na fara yaba tsarin jimlar kafin in tuna wanda ya rubuta ta. Sai ga saƙon Auta: "Yaya, ya gama. Ya ce an tura duka." Jirgin nan yana iya gudun kilomita 300 a awa, ni kuwa addu'a nake ya lalace a hanya.

Na isa shago na tarar da Malam zaune a kan kujerar Kawu, riyal 75 a hannunsa, Kawu a durƙushe yana rantsuwa.

"Allah gafarta Malam, wallahi na'ura ce. Ni ban isa ba."

"Na'urar ba ta yi ƙarya ba, Alhaji. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta bashi ce, a Baƙara, kuma cewa ta yi a rubuta." Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. "Sai dai ban ga inda ta ce a tashi mutum daga ƙailula ba."

Ana cikin haka Hajiya ta kira. Ba ta nemi ni ba, Kawu ta nema, kuma ko ba a sa a amsa-kuwwa ba duk shagon ya ji. Wai shekara nawa tana dafa masa tuwo, yau shi ne zai sa kwamfuta ta bi ta bashin abaya uku? Kawu ya yi ta ba da haƙuri har ta kashe. Ya ajiye wayar, ya yi shiru, sannan ya ce, "Wace abaya uku?"

Baban yarinyar sai bayan magariba ya zo. Ya ƙirga riyal 620 a kan kanta, ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa yana laƙume yatsa. Ya jira na rubuta masa rasit, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce, "Ɗana, ashe kai ne mai kwamfutar." Tun daga ranar, idan na gaishe shi "lafiya" ɗaya nake samu.

A daren na mayar da parse_args wurinsa, na kuma juya tsarin gaba ɗaya: yanzu gwaji shi ne asali, saƙo ba ya fita sai an rubuta --aika da gangan. Washegari na zauna ina yi wa Kawu bayani. Yana ji yana ƙirga kuɗi, don tun safe mutane ke shigowa suna biya suna harararmu, har da wani da muka ɗauka ya koma Kano tuntuni.

"Wato yanzu ba zai sake yi ba?"

"Har abada, Kawu."

Ya ɗaure damin da roba, ya jefa a aljihun tebur. "To ka san yadda za ka yi ya sake, ƙarshen wata mai zuwa. Ka cire Malam da Hajiya kawai. Naka 340 ɗin kuma na riga na zare a albashi."