Kifi a bakin kasuwarsa ake cinsa

Jama'a, ni ra'ayina a kan cin kifi ɗaya ne. In kana son kifi na gaske, ka je inda ake sayar da shi ɗanye, ka zaɓa da hannunka, ka miƙa wa mai gashi ko mai suya da ke rumfar gefe, ka samu benci ka zauna ka jira. Wanda ake kawo wa mutum a gidan abinci mai na'urar sanyaya ɗaki, an lulluɓe shi da miya da ganye har ba a ganin fatarsa, hankalina ba ya kwanciya da shi, ko nawa aka sa masa kuɗi.

Kifi ba ya iya ɓoye halinsa matuƙar yana ɗanye. Ka dubi idonsa: na sabo garau yake, a cike, na wanda ya kwana kuwa ya dushe ya faɗa ciki. Ka ɗaga gefen kansa ka leƙa wurin da yake numfashi, in ka ga ja jawur to bismillah, in ya koma ruwan ƙasa ka ajiye ka yi gaba. Ka danna tsokar da yatsa, ta sabo za ta taso nan take. Amma da zarar an yanyanka shi, an cusa masa attaruhu da citta da tafarnuwa da magi, an ɗora a wuta, duk waɗannan shaidu sun tafi. Sai cikinka ya ba ka labari da tsakar dare.

Wanda ke Abuja ya san kasuwar kifi ta Kado. Ga tarwaɗa nan da ranta tana mutsu-mutsu a manyan robobi, ka nuna wadda kake so, a auna, a yi ciniki, a gyara maka a gabanka. Ga karfasa, ga kayan teku da ake kawowa daga kudu, jatan lande da ƙaguwa. A irin wannan wuri mai kifi ya san idonka na kansa, kai kuma ka san abin da ka biya. Za ka ce "Hajiya, rage mini mana", ta ce "Alhaji, wannan fa da asuba aka kawo shi", kuma kana da damar tabbatarwa da kanka.

Sai dai akwai abin da ke damuna ko a can. Yawancin tarwaɗar da muke gani a birane ta kiwo ce, ta tashi a kwatami tana cin abincin buhu, cikin 'yan watanni ta isa sayarwa. Ban raina ta ba, ta samar wa matasa da yawa sana'a. Amma wanda ya taɓa cin tarwaɗar kogi ya san tsokarta ta fi tauri, kitsenta bai kai na ta kiwo ba, romonta ma daban. Sauran abin da ke cika kasuwa kuma kifin ƙanƙara ne, irin su titus, da ake shigo da shi a kwali daga Holan da Rasha da makamantansu. Ƙasar da ke da kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi da fadamar Haɗeja zuwa Nguru!

Ku je Yawuri a jihar Kebbi da safe, lokacin da kwale-kwalen masunta ke dawowa bakin gaɓa. Nan Sarkawa suke, su da ruwa tun kaka da kakanni, tun kafin a kammala madatsar Kainji a 1968. A nan za ka ga kifin da yaran birni ba su taɓa gani ba: giwan ruwa, ragon ruwa, yauni, bargi, ƙurungu, tsage mai haƙora. Kowanne da yadda yake so a sarrafa shi. Giwan ruwa tsoka ce fara mai ƙarancin ƙaya, gashi ya dace da ita. Ƙurungu kuwa sai farfesu. Mata na nan gefe da kaskon suya, a tsame maka da zafinsa a barbaɗa yaji, ka ci da hannu, ka tsotse kai. Kuɗin da ka kashe a wurin ya shiga aljihun wanda ya kwana a ruwa da wadda ta wuni a gaban wuta.

Muna alfahari da bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Rana guda mu yi ta yaɗa hoton ƙaton giwan ruwa daga kogin Matan Fada, sauran kwanakin shekara mu koma kan kifin kwali. Wannan abin yana ci mini rai. Haka nake ji in na tuna Baga, garin masunta da ke bakin Tafkin Chadi a jihar Borno. Bandar Doron Baga da ake lodawa a manyan motoci zuwa Anacha da Legas ta ciyar da gidajen da ba su ƙirguwa. Harin da Boko Haram ta kai Baga a Janairun 2015 da hana safarar kifi da ya daɗe ana yi saboda matsalar tsaro sun karya masunta da dillalai da masu yankan kwali da direbobi, ga tafkin kansa ya ja baya ƙwarai daga yadda yake a shekarun 1960.

Na san abin da wasu za su ce: ƙuda, ƙarni, ruwan wanke kifi kwance a hanya. Gaskiya ne, kuma ba na kare shi. Na ƙara muku da masu zuba guba irin Gamalin a ruwa don su kwashi kifi a sauƙaƙe, da masu fesa wa banda maganin ƙwari. Waɗannan zalunci suke yi, ya kamata Sarkin Ruwa da shugabannin kasuwa su hukunta su ba sani ba sabo. Amma gyaran ba shi ne mu ƙaurace wa kasuwar ba. Abin da ta rasa sananne ne: famfo, magudanar ruwa, teburin siminti da za a iya wankewa, da ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana don kada kifin safe ya lalace kafin la'asar. Ƙaramar hukumar da ke aiko da yara karɓar kuɗin rumfa duk ranar kasuwa ita ya kamata mu tsare da tambayar inda famfon yake.