Na gado na huɗu ya cika

Ni fa ban cika damuwa da yadda muke karya harshen Nasara a asibiti ba. Idan nas ta ce wa Panadol "fanadol", ko ta ce "taifot", ba ta kashe kowa ba, bakin Bahaushe ne ya gyara kalmar daidai da shi. Abin da ke sa ni ciwon kai daban ne. Ma'aikaciyar jinya guda, da takardarta, ta dubi mutum ta ce masa "Baba kana da bifi." To bifi ai ƙarfin matsin jini ne a cikin jijiyoyi, wane mai rai ne ba shi da shi? Mai lafiya ma awonsa wajen 120 bisa 80 yake, sai ya kai 140 bisa 90 ya zauna a can ake maganar hawan jini. Akwai wata abokiyar aikina da har gobe take rantsuwa fanadol ya fi farasitamol ƙarfi, alhali magani ɗaya ne, ɗayan sunan kamfani kawai. Maganar "majinyaci" kuwa na haƙura da ita, don a ɗakinmu wani na nufin wanda ke kwance, wani na nufin wanda ke wanke masa kwano.

Amma Hausar da muka tsotsa ita ta fi ja mana bala'i. Wata ɗaliba ta taɓa ce wa mai jego, jaririnta na kwance ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗin haske saboda idonsa ya yi ɗorawa, "Ki jira, likita zai zo ya ba ki shawara." Matar ta dafe ƙirji ta ce, "A'uzubillahi, wadda yaron ke fama da ita ba ta isa ba?"

Tun daga nan na zama malamar dole, duk ɗalibin da aka turo mana sai na yi masa huɗuba a kan iya baki. Sai ga shi ranar da abin zai faɗo, a kaina ya faɗo.

Aikin dare nake a ɗakin maza, a wani asibiti nan cikin Gombe, sanyin hunturu ya kwantar da kowa. A gado na huɗu akwai wani dattijo daga wajen Dukku, an yi masa tiyata an sa masa robar fitsari. Jakar da ake ratayawa a gefen gado lita 2 take ci, kuma dole a auna abin da ya taru a rubuta kafin a zubar. Na ce wa yarinyar da ke tare da ni ta sa ido, in ta kusa cika ta gaya mini. Iyalinsa kuwa suna baranda a kan tabarmi, uwargida da amarya da 'ya'ya, kowa ya ƙudundune.

Ina cikin rubutu sai yarinyar nan ta tsaya a bakin ƙofa, daidai kan mutanen, ta ɗaga murya: "Sista! Na gado na huɗu ya cika!"

Kafin in ajiye biro salati ya tashi. Babban ɗan ya riga ya kara waya a kunne, ina jin sa yana cewa, "Baffa, sai haƙuri." Na fito a guje in tare, uwargida ta yanke jiki ta faɗo a kaina kamar buhun masara, muka zube tare a kan kwanon kunun gyaɗa. Farar rigata ta tashi daga aiki. Daga ƙasan Inna nake ihu iya ƙarfina: "Jaka ce! Wallahi jaka ce!"

Kukan ya tsaya cak. 'Yarta ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu.

"Sista, mahaifiyar tawa ce jaka? A daren da mijinta ya rasu?"

Na ce, "Ba ita ba, wadda ke ciki nake nufi, ta gefen gado!" Ashe amarya ta riga ta shige tana gefen gadon. Uwargida, da muke zaton ta suma, ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Wannan kam gaskiya ne."

Sai da na ja babban ɗan da hannu na nuna masa mahaifinsa yana minshari, na ɗago masa jakar fitsarin har saitin hanci, sannan aka fahimci juna. Ya sake kiran Dukku, waya ta ƙi shiga. Ana sallame Asuba sai ga mota cike da dattawa, ɗaya na rungume da farin yadi a leda.

Ni metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta kira ofis in yi bayanin yadda aka yi na zagi matan mutane har biyu a dare ɗaya, kunu na bushewa a ƙirjina. Shi kuwa Baba, da aka ba shi labari, bai ko yi fushi ba. Tambaya ya shiga yi ɗaya bayan ɗaya, wa ya yi kuka, wa bai yi ba, wa ya fara tambayar makullin rumbu. Da ya gama ya sa aka miƙo masa yadin, ya murza shi tsakanin yatsu, ya ce ai mai kyau suka saya, a kai wa tela a ɗinka masa jamfa da wando kafin a sallame shi.