Dala 18 duk wata a kan shafin da bai wuce fayil goma ba

'Yan uwana masu haɗa wa mutane shafukan intanet, don Allah mu riƙa tausaya wa aljihun masu ba mu aiki.

Shafin da ba komai a cikinsa sai HTML, CSS da hotuna, zuba shi a bokitin Cloud Storage na Google, wato ma'ajiyar fayiloli ta intanet, abu ne mai sauƙi. Ka sa index.html ya zama shafin farko, ka ba allUsers izinin karantawa, shi ke nan. Kuɗin ajiyar bai taka kara ya karya ba. Amma a kula, wannan izinin ya buɗe duk abin da ke cikin bokitin ga duniya, kada a ajiye takardun kwastoma a ciki.

Rigimar tana farawa ne idan ka zo ɗora sunan shafin. Ta hanyar CNAME, wato saitin da ke nuna sunan shafin zuwa bokitin, HTTP kaɗai bokitin ke bayarwa, ba HTTPS mai tsaro ba, kuma tun watan Yulin 2018 Chrome ke yi wa irin wannan shafi tambarin rashin tsaro. Hanyar da Google ya shimfiɗa don samun HTTPS ita ce ka sa lod balansa, wato mai karɓar buƙatun maziyarta ya miƙa su inda ya dace, a gaban bokitin: ka keɓe adireshin IP, ka haɗa bokitin a bayansa, ka nemi satifiket na HTTPS, ka gyara DNS, sannan ka zauna jira, domin satifiket ɗin ba zai fara aiki ba sai sunan ya nuna wannan adireshin.

Tsarin yana aiki, ba na musu. Kuɗinsa ne ke damuna. Lod balansa ana cajinsa ne a kan awa, kusan dala 0.025, wato dala 18 da 'yan kai a wata, ko da ba wanda ya leƙa shafin. Mai makarantar Islamiyya ko mai shagon atamfa da naira yake samu, da dala zai biya, kuma sau da yawa ba a gaya masa ba sai bil ya iso. Wannan bai dace ba. Firebase Hosting, wanda shi ma na Google ne, da GitHub Pages da Cloudflare Pages duk suna ba ƙaramin shafi HTTPS kyauta.

Inda nake ganin lod balansa ya ci kuɗinsa shi ne idan suna ɗaya zai raba aiki, hotuna su fito daga bokiti ta Cloud CDN mai hanzarta isar da fayiloli, buƙatun /api kuma su tafi Cloud Run, inda ake gudanar da manhaja. In aikinka bai kai nan ba, ka zauna da mai shafin, ka nuna masa lissafin wata goma sha biyu kafin ka danna komai.