Duk jan mai ba man giya ba ne

Kwana tara ke nan motata tana ajiye a ƙofar gida, ni kuma ina bin Adaidaita Sahu da yara uku zuwa makaranta, saboda wani aiki da bai kai minti goma ba. Raina a ɓace yake matuƙa.

Corolla ce ƙirar 2006, otomatik. Juyen baƙin mai kawai na kai ta, ta kwana a gareji. Da safe na zo ɗauka, sai ogan ya ce: "Alhaji, mun duba maka man giya, ya yi ƙasa, yaro ya ƙara." Har godiya na yi masa. Ranar Asabar muka kama hanyar Zariya, ko Kura ba mu kai ba na ji injin yana ihu amma mota ba ta ja, giya tana shiga da fizga kamar an bangaje mu ta baya. Na tsaya a gefen titi na zaro sandar awo. Mai ya wuce layin sama da nisa, duk kumfa, ga wani yana ɗiga a ƙasa.

Don Allah, mutumin da ya ce sana'arsa ke nan, a ce bai san man giya yana kumbura idan ya ɗau zafi ba? Shi ya sa aka yi wa sandar alama biyu, ta sanyi da ta zafi. Ita irin wannan Toyota sai an yi tafiya ta ɗumama, a tsayar da ita a wuri mai daidai, injin yana aiki, a taka birki a zagaya da giya ɗaya bayan ɗaya a dawo P, a zaro sanda a goge da tsumma mai tsabta, a mayar, sannan a sake zarowa a karanta. Yaron nan da sanyin safiya ya tada mota, ya ga bai kai layin zafi ba, ya tuttula lita biyu. Tsakanin layin ƙasa da na sama ko lita ɗaya ba a kai ba! Idan mai ya yi yawa, ƙarafan ciki su dinga kaɗa shi yana kumfa, iska ta shiga, ƙarfin matsewa ya ragu, faifan kuloci su dinga zamewa suna ƙonewa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne irin man. A jikin sandar an rubuta T-IV ɓaro-ɓaro, wato sunan irin man giyar da Toyota ta ce a zuba mata. Da na koma na ce a nuna min galan ɗin, sai aka ɗauko min wata tsohuwar jarka ba takarda, daga ita ake zuba wa Honda, a zuba wa Toyota, a zuba wa sitiyari. Na ce: "Oga, wannan wane mai ne?" Ya ce: "Ai Alhaji duk ja ne." Honda tana da nata, DW-1, kuma ita a kashe ake auna ta. Motoci masu CVT, wato giyar otomatik da ba ta da matakai, nasu daban ne gaba ɗaya. Launin nan rini ne kawai da ake sawa don a bambanta shi da man inji.

Da na matsa, sai ya koma cewa dama giyabos ɗin ya gaji, wai motar Beljiyam ce. Shekara huɗu ina tuƙa ta ba ta taɓa fizga ba. Yaron ma ban ga laifinsa sosai ba, bai fi shekara sha biyar ba, abin da ya ga ana yi ya yi. Wanda ya karɓi kuɗina ya bar shi da motar shi ne mai laifi, kuma ko "yi haƙuri" bai ce ba.

Wani bakanike ya tsiyaye man ya zuba na asali, ya ce sai an maimaita sau biyu ko uku, don juye ɗaya kusan lita uku kawai yake fitarwa, sauran yana maƙale a ciki. Wanda ya fito ya yi duhu, yana warin ƙuna. Idan fizgar ba ta daina ba, sai kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa neman wani giyabos, ga kuɗin makarantar yara na zangon nan ban gama biya ba.