Ina Ungulayen Kano Suka Tafi?

Wanda ya girma a cikin birnin Kano kuma ya ba shekara arba'in baya ya san ungulu ba baƙuwa ba ce. Tun da sassafe za ka same su jere a kan katangar kwata, wuya a sanƙe, mahauci na fiɗa suna tsalle a gefensa, abin da ya yar kafin ya taɓa ƙasa sun ɗauke. Jaki ya mutu a bayan ganuwa, kafin la'asar sai ƙashi. Yau yaro kan gama firamare a Dala ko Gwale bai taɓa ganin ta da idonsa ba.

Mutane da yawa ba su damu ba, wasu ma cewa suke gara haka, ai ƙazamar tsuntsuwa ce. Ni kuwa ina ganin mun yi asarar ma'aikaciyar tsafta da ba ta taɓa karɓar albashi ba. Cikin ungulu na narkar da mushe tare da ƙwayoyin cutar da ke jikinsa. Idan babu ita, mushen na nan yana ruɓewa a kwata da bola, ƙuda da ɓeraye da karnuka su gaje shi. Indiya ta ɗanɗana wannan. A shekarun 1990 wani maganin dabbobi mai suna diclofenac, da ungulu ke ci a mushen dabbobin da aka ba shi, ya kashe sama da kashi 90 cikin 100 na ungulayenta, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin.

Namu dalilan mu muka haddasa su da hannunmu. Ana farautar ungulu saboda kanta da ƙafarta da ƙwanta, masu tsibbu na saye da tsada don neman sa'a ko asiri. Mafarauci ya barbaɗa guba a mushe ɗaya, garke guda ya zube. Tsuntsuwar nan kuwa ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka duk wadda aka kashe ba ta da saurin mayewa. Shi ya sa a 2015 ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu a duniya ta saka irin ungulun da muka saba gani a garuruwanmu cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

Sai kuma maganar bishiya, wadda ta fi damu na. Hausawa na cewa ungulu za ta koma gidanta na tsamiya, to ina tsamiyar? Rimi da giginya da maɗacin da take sheƙa a kansu mun sare, mun yanka fulotai, mun ƙone saura gawayi. Kududdufan da ke tara belbela da kwaɗi ana cike su da shara ana dasa shaguna. Darbejiyar da muke dasawa tana da inuwa, amma ba ta maye gurbin rimi mai shekara ɗari.

Doka akwai ta tun 1985 da ta hana cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, kuma gidauniyar NCF mai kare muhalli da namun daji a Najeriya ta daɗe tana wayar da kai a kan ungulu. Sai dai doka ba ta isa rumfar mai magani idan ba a bi ta hannun shugabanninsu ba. A zauna da masu maganin gargajiya da sarakunan pawa da masu unguwanni. Malamai su ɗauki maganar a huɗuba, tunda Suratul An'am, aya ta 38, ta ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. Ma'aikatar muhalli ta jiha kuma ta ƙidaya manyan bishiyoyin da suka rage a cikin birni, ta sa musu lamba, duk wanda ya sare ɗaya ba da izini ba, ya gurfana a kotu.